Idan Ka Ga Direba Cikin Maye: Jawabi a Taron 'Yan Zamfara Mazauna Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, dattawanmu, malamai, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

Kwamitin walwala ne ya ce a yi bayani a kan abin da mutum zai yi idan ya ga direba cikin maye a kan hanya. Na san akwai mai cewa a ransa, mu da muka fito daga jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, mene ne haɗinmu da zancen giya? Haɗinmu shi ne hanya. Da yawanmu tasi muke tuƙawa, wasu kai saƙo, wasu aikin kula da tsofaffi da ake tashi ƙarfe biyu na dare, daidai lokacin da ake watsewa daga mashaya. Sannan kada mu yaudari kanmu, cikin yaranmu akwai masu taɓawa, wanda bai sha giya ba yana busa wiwi ko ya haɗiyi ƙwaya.

Yaya ake gane shi? Motar ba ta tsayawa a hannunta, tana taka layi tana dawowa. Yana taka burki ba gaira ba dalili, ko ya riƙa tafiyar hawainiya inda kowa ke gudu. Dare ya yi bai kunna fitila ba. Danja ta ba shi hannu yana tsaye, sai an yi masa oda. A shataletale ya buɗe kwana har taya ta hau dakali. Ɗaya daga cikin waɗannan kan faru da kowa, amma idan biyu ko uku suka taru a mota ɗaya cikin minti biyu, to da magana.

Lambar da za ka kira 999 ce, muddin motar tana tafiya ko mutumin yana shirin tayar da ita. A nan mutanenmu ke yawan kuskure, sai su kira 101 don kunyar kada a ce sun tayar da hankali. 101 ta abin da ya riga ya wuce ce, ko wanda ba na gaggawa ba, kamar maƙwabcin da ka san duk Asabar haka yake dawowa. Mota a hannun bugagge kuwa gaggawa ce. Idan an ɗauka, ka ce 'yan sanda kake so. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya faɗi sunan harshensa ya nemi tafinta, amma ya sani neman tafinta yana cin lokaci, don haka in akwai yaro ko abokin tafiya mai jin Turanci a miƙa masa wayar.

Abin da za ka fara faɗa shi ne wuri, domin ko layin ya yanke sun san inda za su nufa. Sunan titi, garin, da inda motar ta dosa. "Ina kan M6" bai ishe su ba, hanya ce mai tsawon gaske kuma hannu biyu ce. Ka ce arewa ta nufa ko kudu, ka faɗi lambar mahaɗar da kuka wuce. Akwai ƙananan alluna shuɗɗa a gefen manyan hanyoyi masu ɗauke da sunan hanyar, da harafi ɗaya, da lamba a ƙasa. Ka karanta musu ukun nan yadda suke, sun fi kowane kwatance. Bayan wuri sai lambar mota: haruffa biyu, lambobi biyu, haruffa uku. Ko rabinta ka samu ka faɗa. Sai launi da ƙirar motar, da wata alama idan akwai, kamar fitilar baya guda da ta mutu ko rubutun kamfani a jiki. Sai mutum nawa ne ciki, musamman idan ka hango yaro.

Sannan ka faɗi abin da idonka ya gani, ka bar hukunci. Kada ka ce "wani mashayi ne". Ka ce "ya haye layi sau uku, ya kusa gogar babbar mota". Dalili kuwa, mai ciwon suga da sugansa ya faɗi haka yake tuƙi, haka wanda shanyewar ɓarin jiki ta fara kamawa, haka wanda barci ya ci ƙarfinsa bayan aikin dare. Dukansu suna buƙatar a tsayar da su, wasunsu ma motar asibiti suke buƙata. Ka ga ke nan kiran bai zama zato ko ƙazafi ba, ga masu wannan damuwar ta fuskar addini.

In kai kaɗai ne a mota, ka yi hattara. Riƙe waya a hannu kana tuƙi tarar fam 200 ce da maki 6 na laifi a lasisi, kuma wanda bai cika shekara 2 da cin jarrabawar tuƙi ba maki 6 ɗin nan sun isa a soke lasisinsa. Doka ta yi sassauci ga kiran 999 ko 112 (ita ma lambar gaggawa ce) idan gaggawa ce ta gaske kuma tsayawa ba zai yiwu ba, amma sassaucin bai haɗa da ɗaukar bidiyo ba. Abin da ya fi shi ne ka maimaita lambar motar a bakinka, ka sami wuri mai aminci ka tsaya, ka kira. Mai kyamarar gaban mota ya danna maɓallin ajiya nan take, don irin waɗannan kyamarori suna shafe tsohon hoto su ɗora sabo idan kati ya cika. Kuma kada a sa shi a Facebook ko a zauren WhatsApp na ƙungiya kafin 'yan sanda su karɓa, yana iya ɓata shari'ar.

Kada ka bi shi da gudu, kada ka haske shi da fitila, kada ka sha gabansa ka tare hanya. Ka zauna a bayansa da tazara mai yawa, don wanda ke gabansa shi ake daka wa ta baya. In ya tsaya kada ka fita ku yi cacar baki.

Me ya sa ake ta nanata a kira nan take? Saboda hujjar tana cikin jikinsa kuma tana raguwa. Jiki yana ƙone kusan awo ɗaya na giya, wato abin da Turawa ke kira "unit" ɗaya, a kowace awa. Idan ya isa gida ya rufe ƙofa, yana iya cewa bayan ya sauka ne ya sha, sai shari'ar ta yi wuya. Idan aka tsayar da shi a hanya, za a ba shi na'ura ya busa. Ta nuna ya haura, a tafi da shi caji ofis ya busa sau biyu a babbar na'ura, a ɗauki sakamakon da ya fi ƙanƙanta. Iyaka a Ingila da Wales maikirogiram 35 ce a cikin mililita 100 na numfashi, ko miligiram 80 a mililita 100 na jini. Sikotilan ta rage tata zuwa 22 da 50 tun Disambar 2014, masu zuwa Gilasgo su riƙe wannan. Wiwi da hodar iblis da yawu ake gwada su a bakin hanya, sai a ɗebi jini a tabbatar. Tun 2015 doka ta sa iyaka ga wasu magungunan asibiti ma, don haka mai shan kodin ko taramol ko maganin barci ya tambayi likitansa kafin ya riƙe sitiyari.

Yanzu ga mai wuyar. Baƙo a kan hanya kowa zai iya kira a kansa. To idan ɗanka ne fa, ko ƙanen matarka, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci? Mu mutane ne masu son rufin asiri, kuma hukuncin ba ƙarami ba ne: ɗaurin da zai iya kai wata 6, tara marar iyaka, hana tuƙi aƙalla shekara 1, ko shekara 3 idan an sake kama shi cikin shekara 10. Tabon yana zama a lasisi shekara 11, inshora ta yi tsada, direban tasi ya rasa takardarsa ta kansil, mai neman zama ɗan ƙasa ya ga abin ya biyo shi. Ƙin busa na'urar ma hukuncinsa kusan ɗaya ne. Duk wannan gaskiya ne. Amma wanda ya kashe rai da mota cikin maye, tun 2022 ana iya yi masa ɗaurin rai da rai, ban da haƙƙin jinin da ke wuyansa. A ganina uban da ya zaɓi shiru tsakanin waɗannan biyun bai rufa wa ɗansa asiri ba.

Kafin a kai ga kira akwai abin yi. Ka nemi makullin cikin lalama, ban da tozarci a gaban mutane. Ka kira masa tasi, ko ka ce ya kwana. Kada a ce a ba shi shayi mai kauri ko ya watsa ruwan sanyi ya wartsake, ba abin da ke fitar da giya daga jini sai lokaci, wanda ya sha da yawa da dare ma yana iya wayar gari bai sauko ƙasa da iyaka ba. Kwanciyarsa a cikin motar da makulli a aljihu ita ma tana iya zama masa laifi da kan kai ɗaurin wata 3 da tarar da ta kai fam 2,500. In ya ƙi ji ya tayar da mota, ka faɗa masa a fuskarsa za ka kira, kuma ka kira. Matar da ke cikin motar bugagge da 'ya'yanta tana tsoron yin magana, ta kira 999 a wayar hannu, idan ta ji ana tambaya ta danna 55, za a haɗa ta da 'yan sanda. Wanda ya san mai wannan ɗabi'a amma ba ya son a ji sunansa, akwai Crimestoppers, ƙungiyar da ke karɓar rahoton laifi a asirce, a 0800 555 111, ba sa tambayar suna, sai dai ba na gaggawa ba ne. Gargaɗi ɗaya: kada rikicin aure ko na bashi ya sa wani ya ƙirƙiri rahoto. Ɓata wa 'yan sanda lokaci da ƙarya laifi ne mai ɗaurin da zai kai wata 6.

Sai gida Najeriya, tunda muna zuwa hutu kuma muna da 'yan uwa a kan hanya kullum. A can matsalar ƙwaya ce fiye da giya: taramol don kada a yi barci, wiwi, da maganin tari mai kodin duk da an haramta shi a 2018. Direba yana son ya wuce Tsafe ya kai Funtuwa, ko ya bar Talata Mafara ya shiga Gusau kafin duhu saboda halin tsaro, ga gajiya, ga abin da ya haɗiya. Na'urar busawa ba ta ganin ƙwaya, don haka idon fasinja ne ma'auni. Wurin magana shi ne tasha, kafin mota ta tashi. Ka dubi idonsa, ka ja shi da hira ka ji ko harshensa ya yi nauyi. In ba ka gamsu ba ka sami shugaban 'yan yuniyan, kada ka tsaya ga ɗan kamasho, shi burinsa lodi ya cika. In an riga an hau hanya, ku haɗa baki ku fasinjoji, murya ɗaya ba ta tsayar da direba. Kada kowa ya taɓa sitiyari, kuma kada a ce a sauka a daji. A bari sai shingen jami'an tsaro na gaba ko cikin gari, a sauka a faɗa musu a gabansa. Lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112. Da yake sabis yana ɗaukewa a wurare da dama, a rubuta lambar motar tun a tasha a tura wa wani a gida. Ta haya jan rubutu gare ta, ta gida shuɗi, ta gwamnati kore, a faɗi wannan ma.

Sakatare zai sa lambobin nan a zauren ƙungiya bayan taro. Direbobin tasi su ɗan tsaya bayan sallar La'asar, akwai bayani dabam kan fasinjan da ya sauka a buge ya nufi tasa motar. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Wassalamu alaikum.