Mutumin da ke ƙirga masassara

Ku dubi wannan littafin rajista na gidan likita. Kowane layi yaro ne da uwa ta goyo, jikinsa zafi rau. An duba shi, an ba da magani, an kira na gaba. To, inda alƙalamin ma'aikacin lafiya ya tsaya, nan aikin wani mutum ke somawa: masanin yaɗuwar cututtuka.

Galibi likita ne da ya ƙaro karatun kiwon lafiyar al'umma. Majinyacinsa gari ne sukutum. Kowane mako alƙaluma na iso masa Maraɗi daga Madarunfa, Tasawa, Dakoro da Gidan Rumji, sai ya zauna yana tambayarsu: me ya sa masassara ta riga lokacinta a ƙauyukan bakin gulbi? Su wa take kayarwa? Gidan sauron da aka raba, ana kwana ciki kuwa?

Irin wannan ƙirga ce ta tabbatar da cewa a ƙasashen Sahel zazzaɓin cizon sauro damina yake bi. Shi ya sa a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riga shi. Duk wata a cikin damina, ana bin gida gida a ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi. Ranar farko ma'aikaci ke bayarwa. Kwana biyun da suka biyo baya kuwa, a hannunki suke, uwa. Don Allah kar ki tsallake.

Sai cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi, don talaka suke kamawa: tsargiya, tundurmi, kurkunu, makantar kogi. Nan aikin ya fi cin rai, domin ba a cewa cuta ta ƙare don kawai an daina ganinta. Sai da hujja. A kama baƙaƙen ƙudajen bakin ruwa masu yaɗa makantar kogi a auna, a gwada jinin yara ƙanana, a koma baɗi, a koma baɗin baɗaɗa.

Wani zai tsufa a kan cuta guda. Amma a 2013 an shaida Nijar ta rabu da kurkunu. Ranar 30 ga Janairun 2025 kuma, ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kau da makantar kogi.

Masassara dai tana nan. Littafinta bai rufu ba, ga damina kuma tafe.