Fitila Na Kamawa, Mota Ta Ƙi Tashi

Motar nan da kuke gani sati 5 ke nan tana ajiye a wani lungu a Agege. Mai ita ya tafi gida Sallah, ya zarce biki, jiya ya dawo. Ga shi zai murɗa makulli, ku kasa kunne.

Kun ji? Ƙat-ƙat-ƙat-ƙat. Iyakarta ke nan.

Tun da aka dawo daga Sallah tambaya ɗaya ake ta yi mana: "Malam, fitila na kamawa, rediyo na magana, hon na ƙara, ai ba batir ba ne ko?" A nan ake yin ɓatan kai, har mutum ya shiga danfo zuwa Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, ya sayo kik, wato na'urar da ke tayar da inji, alhali nasa lafiyarsa lau.

To mu tsaya a nan. Fitilun gaba guda biyu wutar da suke ja ba ta wuce amfiya 10 ko kusa da haka ba. Rediyo bai ma kai nan ba. Shi kuwa kik, wanda ke juya inji, yana iya jan amfiya 150 ko fiye a tashi ɗaya. Batir ɗin da ya galabaita kamar ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 da ya kwana da zazzaɓi. Ledar attaruhu zai ɗaukar maka har yana raha. Ɗora masa buhun albasa ka gani.

Ga gwajin, ko sisi ba za ka kashe ba. Kunna fitilar cikin mota, ka murɗa makulli, idonka a kan fitilar. Duba. Ta dushe kamar aci-balbal. In ka ga haka, wuta ce ba ta isa ba: ko batir ya yi sanyi, ko kan batir ya saki. In kuwa fitilar ta tsaya tar, ko motsi ba ta yi ba, kuma inji shiru, a nan ne za a fara zargin kik ko wayoyinsa. Amma kafin ka kira rewaya, in motar atomatik ce, leƙa giya ka tabbata tana kan P, wato fakin. Ni kaina na taɓa yin gumin rabin awa a kan wannan, kada ku gaya wa kowa.

Mai mitar auna wuta ya ɗora ta a kan batir. Lafiyayyen batir bolt 12.6 yake nunawa in mota na kashe. 12.2, ya sha rabi. Ana murɗa makulli kuma ya faɗo ƙasa da 10, magana ta ƙare.

Me ya shanye wutar ba wanda ya taɓa motar? Ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu, agogo, kwamfutar mota, duk suna tsotsa dare da rana. Ga zafin Legas.

Buɗe bonet. Kun ga wannan gari, fari-fari kore-kore, a kan batir? Da danshin garin nan a damina, ba wuya ya taru. Sifana lamba 10, a fara kwance baƙar waya, sannan ja. Ruwan zafi, burushin waya, a goge, a ɗaure tamau. Jijjiga da hannu. In ya motsa, da saura.

Yanzu a jona da motar maƙwabci. Ja a kan ja, can ma ja a kan ja. Baƙi a kan baƙin batir mai rai, ɗaya bakin kuma a jikin ƙarfen injin wadda ta mutu. Don Allah a daina tara samari suna tura mota atomatik, wahala kawai za su sha.

"Alhaji, bismilla, murɗa."

Alhamdu lillahi. Sai dai fa kar ka bar ta tana kuka minti 10 ka kashe ka ce ta yi caji. Fita da ita ta yi tafiyar aƙalla rabin awa, in da hali ma ka kai wa mai batir ya kwana a caji.

Ga sauran bayani da sauri. In inji na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, wannan wata magana ce daban. Murɗa makulli rabi, ka saurari famfon mai daga baya, zai yi "zuuu" na daƙiƙa biyu ko uku. Ba ka ji ba, duba fiyus. Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki shi ma yakan lalace. Kada ka danne makulli ya wuce daƙiƙa 10, kik zai yi zafi. Sannan haska tocila ƙarƙashin bonet, don ɓerayen Legas ba sa biyan haya.

Ga shi kuwa. Ɓawon gyaɗa, tsumma, da wata waya da aka ci rabinta. Alhaji, wannan kam sai rewaya ya zo.