Jan ɗigon nan na gefen zane, me yake nufi?

Jama'a sannunku. In kun taɓa shiga galari, wato gidan baje kolin zane-zane, kamar Nike Art Gallery da ke Lekki a Legas, za ku ga wata 'yar takarda manne a gefen kowane zane, wani lokaci har da ɗan jan ɗigo a kai. To wannan ɗigon ba ado ba ne, an riga an saye zanen ke nan, kallo kawai ya rage muku.

Baje kolin haɗin gwiwa shi ne masu zane da yawa su kawo aikinsu ɗaki ɗaya, wani ya kawo biyu wani uku, domin mutum ɗaya ya cika bango huɗu shi kaɗai ba wasa ba ne, ga tsadar fenti ga kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, ga firem. Akwai mai tsarawa, shi ake kira kiyureta, shi ke zaɓen wanda zai shiga da jigon da za a bi, kuma shi ke cewa wannan zanen a rataye shi kusa da wancan. Kuma wallahi nan ne aikin yake, sai ka ga zanen wani yaro da ya gama makaranta bara an jera shi daf da na tsohon hannu, wanda ya zo don babban dole idonsa ya faɗa kan ƙaramin, da haka ake yin suna.

Wannan haɗa kai ba sabo ba ne, a Zariya ma aka yi babbansa. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama ABU, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Zaria Art Society, suka ce sun gaji da kwaikwayon Turawa tsantsa, za su gauraya abin da aka koya musu da na gida. Grillo in ka ga aikinsa ba sai an faɗa maka ba, shuɗi ne ko'ina kamar an tsoma a marina.

To in kun shiga, ku fara tsayawa daga nesa tukuna, sannan ku matso ku ga kaurin fentin da sawun burushi, sai daga baya ku karanta takardar: sunan mai zanen, shekara, fentin mai ne ko akirilik, wato mai saurin bushewa da ake haɗawa da ruwa. Amma fa ban da taɓawa, maiƙon yatsa yana ɓata zane. Farashi kuma ku tambaya ba kunya, galarin na da nata kaso a ciki, sau da yawa har rabi. Shiga kuwa yawanci kyauta ne, ko sisi ba za a karɓa ba.