Abin da za ka sa a jaka kafin ka hau tudun bayan kogin Yamai

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga Yamai nake gaishe ku. Masu tambayata me ake ɗauka idan za a haye gadar Kennedy a je yawon ƙafa kan tuddan da ke bayan unguwar Harobanda, to ga jakar na zazzage, ku duba.

Ruwa ne farko, kuma a nan zan daɗe. A hunturu rabin lita a kowace awa ya isa, amma a watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ka lissafa lita 1 a kowace awa. Tafiyar awa 4 ke nan lita 4. Ka raba shi a gora biyu, don idan ɗaya ta fashe kana da ɗaya. Naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma, iska za ta riƙe mata sanyi. Kada ka jira sai ƙishi ya kama ka, riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Zufa kuma da gishiri take fita. Ga haɗin da za ka sha ya mayar maka da shi: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan fitsarinka ya yi duhu, ruwan jikinka ya yi ƙasa. Idan abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Silifa dai a bar ta a gida. Marmara na yanka, tsakuwa na zame ƙafa wajen gangara, ga ƙayar aduwa da ke huda roba. Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, da safa doguwa saboda ƙarangiya. Kuma ba sabo ba, sabo kanta yake yi wa mutum.

Rawani ko malafa, da riga mai dogon hannu, fara, mara nauyi.

Guzuri: dabino da gyaɗa. Kilishin Nijar akwai daɗi, amma yajinsa ƙishi yake jawowa, a ajiye shi sai an dawo. Fura kuwa tsami take yi a rana.

Wannan 'yar jakar ta magani ce: bandeji, filasta, hantsaki na cire ƙaya, farasitamol. Kada ka cusa hannu ƙarƙashin dutse, kunama da kububuwa nan suke fakewa. Idan maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsotsa. A hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Sai waya cike da caji, da tocila, da katin shaidarka saboda shingayen jami'an tsaro. Tun kafin ranar ka tambayi mutanen wurin halin tsaro, ka samu ɗan gari ya raka ka, ka faɗa wa maigidanka inda za ka da lokacin dawowa. A fita bayan sallar asuba, ƙarfe 11 ta same ku a ƙasa.