Otizim: Abin da Ake Faɗa a Zango da Abin da Likitoci Suka Gano

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi. Daga Aboabo har Asawase, da wuya a rasa layin da ba a san yaro irin wannan ba. Ya kai shekara 3 bai fara magana ba. A yi ta kiran sunansa ba zai waiwayo ba, amma da an taɓa ledar biskit a ɗaka sai ga shi. Yana jera marafan kwalba ɗaya bayan ɗaya, in ka gusar da guda sai kuka. In aka shiga da shi kasuwar Kejetia, ƙarar hon ta sa ya toshe kunnuwa ya ƙanƙame uwarsa. Likitoci na kiran wannan lalura otizim, wasu kuma na cewa galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta a maza.

A unguwa kuwa kowa da bayaninsa. Wannan ya ce ɗan ruwa ne, wancan ya ce kambun baka, wata ta ce kishiya ce ta yi sammu. Daga ƙarshe duk maganar kan uwa take sauka: ta fita da magariba tana da ciki, ta sangarta shi, ba ta yi masa hira. Turawa ma sun yi wannan zaluncin. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a Amurka a 1943, an shafe shekaru ana cewa rashin ƙaunar uwa ke jawo ta, har bincike ya rushe zancen. Abin da aka gano shi ne gado ne ke da kaso mafi girma. Wani babban bincike na 2019 a ƙasashe 5 ya sa kason gado a wajen kashi 80 cikin 100, kuma gadon na iya zuwa ta uba ko ta uwa. Akwai abubuwan da ke ƙara yiwuwarta, kamar haihuwar bakwaini, da manyantar iyaye, da shan maganin farfaɗiya mai suna valproate lokacin goyon ciki. Mai shan wannan magani kada ta daina da kanta, ta je ta yi magana da likitanta.

Sai maganar rigakafi, wadda ita ce ta fi damuna, domin tana iya cin ran yaro. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto kan yara 12 kacal, yana alaƙanta allurar ƙyanda da otizim. Daga baya aka bankaɗo maguɗi a aikin. A 2010 mujallar likitanci ta Lancet, wadda ta buga rahoton, ta janye shi, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita. A Denmark an bi diddigin yara sama da 650,000, sakamakon ya fito a 2019: waɗanda aka yi wa allurar ba su fi sauran kamuwa da otizim ba.

To me ya sa uwa za ta rantse cewa bayan allura ɗanta ya canza? Ba ƙarya take yi ba, abin da ta gani ta faɗa. A Ghana ana yin allurar ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 18. Tsakanin shekara ɗaya da biyu kuma shi ne lokacin da alamun otizim ke fitowa fili, har wasu yaran kan daina faɗin 'yan kalmomin da suka fara. Da an yi allurar da ba a yi ba, a wannan lokacin alamun za su bayyana. Ita kuwa ƙyanda har gobe tana kashe yara.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Ƙwararru na zama ne su kalli yaron yana wasa, su yi wa iyaye tambayoyi. Yana nuna abu da yatsa don ki gani? Yana haɗa ido? Yana kwaikwayon tafi ko ɗaga hannu? Galibi akan gwada jinsa tukuna, don kada a rikita kurumta da otizim. Tun yaro na shekara 2 ana iya tabbatarwa, saboda haka zancen "bar shi, babansa ma bai yi magana da wuri ba" na iya cinye shekarun da horon magana ya fi amfani.

Kuma yaran nan ba iri ɗaya ba ne. Wani ya haddace izu da dama, wani ya girma bai furta kalma ba, amma yana fahimtar fiye da yadda ake zato. Babu ƙwaya ko jiƙon da ke raba mutum da otizim, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai cire ta, ku riƙe kuɗinku. Addu'a kam a yi ta yi. Amma duka, da ɗaurewa, da turaren barkono, firgici kawai suke ƙara wa yaron.

Hajiya, in kin ga waɗannan alamu, ki ɗauki littafin awon yaron ki gaya wa nas a ranar awo. Ki ɗauki ɗan bidiyonsa a waya yana wasa a gida, domin a gaban likita ba lallai ya yi abin da ya saba ba. Ki nemi takardar turawa zuwa sashen yara na asibitin Komfo Anokye, kuma Alhaji, wannan tafiyar tare za ku yi, don likita zai tambayi tarihin danginku duka biyu.