Gerald Moore da Sana'ar Raka Mawaƙi da Fiyano

A kiɗan gargajiyar Turai akwai wani salon waƙa wanda mutum biyu kacal suke gabatarwa, wato mawaƙi ɗaya da makaɗin fiyano ɗaya. Masu jin harshen Jamusanci ne suka fi shahara da shi, kuma Franz Schubert kaɗai, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Austriya, wanda ya rasu a 1828 yana ɗan shekara 31, ya bar irin waɗannan waƙoƙi sama da 600. An daɗe ana yi wa makaɗin kallon ɗan rakiya, har ma a farkon ƙarni na 20 akan fitar da faifai babu sunansa a jiki. Mutumin da ya fi kowa sauya wannan tunani shi ne Gerald Moore.

An haifi Moore a garin Watford na ƙasar Ingila a 1899, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a birnin Toronto na Kanada, sannan ya koma gida ya fara naɗar faifai a 1921. A cewarsa, wajen mawaƙi John Coates ya koyi ainihin sana'ar, domin Coates ba ya barin ko gaɓa ɗaya ta wuce sai an gyara ta.

Dalilin wannan tsanani kuwa shi ne, a irin wannan waƙa fiyano yana ɗauke da rabin labarin. A waƙar Schubert mai suna Erlkönig, inda wani uba yake sukuwa cikin dare rungume da ɗansa, hannun daman makaɗin ne yake fitar da sautin kofaton dokin, yana bugawa da sauri kusan tun daga farko har ƙarshe, abin da kan gajiyar da hannun ƙwararru ma. Duk da haka dole ya kasa kunne ga numfashin mawaƙin, ya san inda zai jira shi da inda zai ja shi gaba, ya kuma fahimci baitocin Jamusancin kalma bayan kalma. Idan muryar mawaƙin ta ɗan dushe a ranar wasa, ana iya neman makaɗin ya sauko da sautin waƙar gaba ɗaya zuwa ƙasa nan take. A ganina, wannan ya fi kaɗawa kai kaɗai wuya, domin mai kaɗawa shi kaɗai numfashin kowa bai dame shi ba.

Moore bai tsaya ga kiɗa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa yi wa jama'a lacca a kan aikinsa, ya wallafa littafi a kai a 1943, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa a 1962. Ya raka mawaƙa irin su Kathleen Ferrier da Elisabeth Schwarzkopf da Victoria de los Ángeles, amma aikinsa da mawaƙi Bajamushe Dietrich Fischer-Dieskau shi ne ya fi girma.

A watan Fabrairun 1967 ya yi wasan bankwana a zauren Royal Festival Hall da ke Landan, inda manyan mawaƙa uku suka taru domin karrama shi, ya rufe taron da kaɗa wata waƙar Schubert shi kaɗai. Dandamali ya bari, bai bar ɗakin naɗar sauti ba, domin sai a 1972 shi da Fischer-Dieskau suka kammala naɗar ɗaruruwan waƙoƙin Schubert a kamfanin faifai na Deutsche Grammophon. Ya rasu a watan Maris na 1987.