Idan na'ura ta karɓe aikin, wa zai ci ribar?

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. A watan Janairun shekarar 2024, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fitar da wani nazari da ya nuna cewa ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar AI da ke sa na'ura ta kwaikwayi tunanin ɗan Adam, za ta shafi kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan da mutane suke ci da su a faɗin duniya. A ƙasashe masu arziki adadin ya kai kashi 60, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa kashi 26. Ba duk wanda abin ya shafa ne za a sallama ba, domin wasu aikinsu zai ƙara sauƙi ne, amma wannan bayani ba ya kwantar da hankalin magidancin da ya ga an kawo na'urar da take gama aikinsa na yini guda cikin mintuna kaɗan.

Wannan fargaba tsohuwa ce. Tsakanin 1811 da 1816, masaƙa a Ingila sun riƙa shiga masana'antu da dare suna farfasa injunan saƙa, har majalisar ƙasar ta yi doka a 1812 da ta tanadi hukuncin kisa ga wanda aka kama da wannan laifi. An saba ba da labarinsu a matsayin mutanen da suka kasa gane ci gaba, kuma gaskiya ne cewa daga baya masana'antu sun samar da ayyukan da suka ninka waɗanda suka hallaka. Sai dai abin da ake yawan tsallakewa shi ne, an shafe shekaru gommai arzikin Ingila yana bunƙasa alhali ladan talakan ma'aikaci bai motsa sosai ba, kuma masaƙan hannu da yawa sun mutu cikin talauci kafin alherin ya iso ga jikokinsu. A kan abin da ya shafi rayuwarsu, lissafinsu daidai ne. Duk wanda ya ce wa ɗan shekara hamsin da aka sallama ya yi haƙuri domin tattalin arziki zai daidaita kansa nan gaba, ya kamata ya faɗa masa abin da iyalinsa za su ci kafin nan.

Masana kansu ba su yi ittifaƙi a kan girman matsalar ba. A 2013, Carl Frey da Michael Osborne na Jami'ar Oxford sun ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗarin komawa hannun na'ura. Bayan shekara uku, wani binciken na OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki da akasarin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ya ce kashi 9 ne kawai a ƙasashen da ya duba. Tazarar ta samo asali ne daga yadda aka yi ƙirgen, domin na farko ya ɗauki sana'a dunƙule, na biyu kuma ya rarraba ta zuwa ƙananan ayyukan da mutum yake yi a yini, inda ya gano cewa na'ura tana iya wasu, wasu kuma sun fi ƙarfinta. Haka aka gani lokacin da na'urar cire kuɗi ta bazu a Amurka, inda ma'aikatan kantar banki suka ƙaru na tsawon shekaru saboda buɗe reshe ya yi arha. To amma masana tattalin arziki Daron Acemoglu da Pascual Restrepo sun nuna cewa a yankunan Amurka da mutum-mutumin masana'anta ya fi shiga, ayyuka sun ragu kuma albashi ya sauka. Abin da ya bambanta wannan zamani shi ne, injunan can baya sun fi karɓe aikin ƙarfi, amma tun da aka fito da manhajar ChatGPT mai amsa tambayoyi da yin rubutu kamar mutum a watan Nuwamban 2022, masu fassara da akawu da masu zane da masu amsa kiran abokan ciniki su ne suke jin abin a jikinsu. Ko mu da muke magana da ku ta wannan makirufo, mun san cewa yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum har ta karanta labarai, don haka ba daga nesa nake kallon lamarin ba.

A nan ne maganar tallafin bai-ɗaya take shigowa, wato gwamnati ta riƙa ba kowane ɗan ƙasa wani adadin kuɗi a kai a kai, ba tare da an tambaye shi ko yana aiki ko ba ya yi ba. Suka ta farko da ake yi wa wannan tunani ita ce zai mayar da mutane cima-zaune, kuma a kan wannan batu gani ya kori ji. Ƙasar Finlan ta ba marasa aiki 2,000 yuro 560 kowane wata a shekarun 2017 da 2018 ba tare da sharaɗi ba. Ba su daina neman aiki ba, ko da yake ƙarin aikin da suka samu ɗan kaɗan ne, sannan sun nuna ƙarin natsuwa da raguwar damuwa fiye da takwarorinsu. A Kenya, ƙungiyar GiveDirectly tana ba mazauna wasu ƙauyuka kimanin dala 22 a wata na tsawon shekara 12, kuma sakamakon farko ya nuna mutane ba su rage aiki ba, illa dai da yawa sun bar ƙodago sun kama sana'ar kansu. A Amurka, inda aka ba mutum 1,000 dala 1,000 a wata na shekara uku, an ga sun rage aiki da sa'a ɗaya da ɗoriya a mako. Talaka ya san abin da zai yi da kuɗi idan ya shigo hannunsa, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a daina zarginsa da lalaci kafin a gwada shi.

Duk da haka, ban yarda cewa wannan tallafi shi kaɗai zai warware matsalar ba. Gwajin da aka yi wa mutum dubu biyu ba ya nuna abin da zai faru da haraji da farashi idan aka ba ƙasa baki ɗaya. Idan Amurka za ta ba kowane baligi dala 1,000 a wata, kuɗin zai kai wajen dala tiriliyan 3 a shekara, kuma tsoron irin wannan nauyi yana cikin dalilan da suka sa kusan kashi 77 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a a Suwizalan suka yi watsi da shawarar a 2016. Iran ta fara raba kuɗi ga kusan dukkan jama'arta a 2010 a madadin tallafin makamashi, amma hauhawar farashi ta cinye darajarsa cikin 'yan shekaru. Akwai kuma masu goyon bayan tsarin da niyyar a soke kula da lafiya da ilimi kyauta a ce kowa ya saya da kuɗin da aka ba shi, wanda hakan zai bar mara lafiya da mai 'ya'ya da yawa cikin halin da ya fi na da muni. Bayan wannan duka, aiki ya wuce albashi. A wurin aiki ne mutum yake samun abokan hulɗa da ƙwarewa da mutuncin cewa ana bukatarsa, kuma kuɗin da ake tura masa a ƙarshen wata ba zai maye gurbin wannan ba.

Tambayar da na fi damuwa da ita ita ce ta mallaka. Jihar Alaska da ke Amurka ta kafa asusu daga kuɗin man fetur a 1976, kuma tun 1982 take raba wa mazaunanta wani kaso na ribar kowace shekara. Mutanen jihar suna karɓar kuɗin ne a matsayin haƙƙinsu a cikin dukiyar da ta kowa ce, shi ya sa ba wanda yake jin kunyar karɓa, kuma ɗan siyasa ba ya taɓa shi cikin sauƙi. Ƙirƙirarriyar basira ma daga dukiyar jama'a aka gina ta, domin da rubuce-rubuce da hotuna da muryoyin miliyoyin mutane aka horar da ita, akasari ba tare da an nemi izininsu ko an biya su ba, sannan binciken da ya haife ta jami'o'i da kuɗin gwamnati sun taka rawa a cikinsa. Idan ribar ta tsaya a hannun kamfanoni ƙalilan, to an yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bill Gates ya kawo shawara a 2017 cewa a sanya haraji a kan mutum-mutumin da ya maye gurbin ma'aikaci, kuma ko da ana jayayya a kan yadda za a aiwatar, dalilinsa a fili yake, domin gwamnatoci sun dogara ne ƙwarai da harajin albashi, kuma albashin ne yake shirin raguwa.

Lamarin ya fi tsanani ga ƙasashe masu tasowa, saboda kamfanonin da suke cin ribar suna zaune ne a ƙasashe kaɗan, alhali ayyukan da ke cikin haɗari, irin su cibiyoyin amsa kira da shigar da bayanai, sun bazu a wasu ƙasashen da ba su da ikon karɓar haraji daga gare su. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2, wato kimanin kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna aiki ne ba tare da rajista ko fansho ko inshora ba. Yarjejeniyar da ƙasashe sama da 130 suka cimma a 2021 ta sanya harajin aƙalla kashi 15 cikin 100 a kan manyan kamfanoni mataki ne, amma bai isa ba.

A 1930 masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi hasashen cewa jikokin zamaninsa za su riƙa aikin sa'a 15 kawai a mako. Arzikin da ya hango ya samu, amma hutun bai zo ba, domin na'ura ba ta raba riba da kanta, mutane ne suke zama su yi ciniki a kanta. Marubutan fina-finai na Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, kuma suka fito da yarjejeniyar da ta hana kamfani tilasta wa marubuci amfani da ƙirƙirarriyar basira ko rage masa lada da sunanta. Su suna da ƙungiya mai ƙarfi da ta tsaya musu. Mai fassara da ke aiki shi kaɗai daga ɗakinsa da direban da manhaja take ba umarni ba su da wanda zai zauna a teburin ciniki a madadinsu, kuma dokokin ƙwadago na yawancin ƙasashe har yanzu ba su ma lissafa su a cikin ma'aikata ba.